Tatsuniya Ma Tana Da Dokarta

Ran 12 ga watan Mayu, 2019, gidan talbijin na HBO da ke Amurka ya nuna kashi na 5 na zangon ƙarshe na wasan kwaikwayon nan mai suna Game of Thrones. A cikinsa ne sarauniya Daenerys, wadda aka shekara takwas ana nuna ta tana 'yanta bayi, ta hau dodonta mai fukafukai da aman wuta, ta ƙone babban birni da talakawan ciki, bayan kuwa an riga an kaɗa ƙararrawar saduda. Kafin a nuna kashi na ƙarshe ran 19 ga wata, mutum fiye da 1,000,000 sun sa hannu a takardar koke, suna neman a sake shirya zangon gaba ɗaya. Ba a sake ba. Nan Kaduna ma, daga Unguwar Sarki har Tudun Wada, ba a rasa samarin da suka bi wasan, suka yi ta gardama a kansa.

Waɗansu dattawa sun ce wannan wauta ce: yaya mutum zai yarda da dodo mai tashi sama, sa'an nan ya ce wani abu cikin labarin bai kama hankali ba? Mu dai ba mu tare da su. Yaron da ake yi wa tatsuniya ya yarda Gizo yana magana, amma kadan aka ce Gizo ya bar dabara ya koma dolo ba dalili, nan take zai ce ba haka take ba. A Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya kai aku har ga sarautar Waziri, muka yarda, don kuwa sai da ya nuna mana hikimarsa daki-daki. Watau mai labari yana da ikon ƙaga kowane irin abin al'ajabi, amma halin da ya ba mutum ba ya sake shi sai da sanadi.

To, me ya jawo tuntuɓen? Gaggawa. An ɗauko wasan daga littattafan George Martin, na biyar ɗinsu ya fito a 2011, sai wasan ya riga marubucin kaiwa ƙarshe. Zanguna shida na farko kowanne kashi 10 ne, na ƙarshe kuwa 6 kaɗai. Gaskiya ne an sha nuna sarauniyar tana ƙona abokan gaba, amma tsakanin wannan da kisan talakawa akwai tafiya, ita ce aka yi wa tsallen baɗake.

Abin ya shafe mu. Tun 1962 aka buɗe talbijin a Kaduna, yau kuma ga wasanni masu dogon zango na Hausa sun cika gidaje. Masu shirya su su san ƙarshen labarinsu tun kafin su soma, kada su bari kasuwa ta ja su. Malaman makaranta kuma su koya wa yara tambayar dalili cikin kowane labari, don wanda ya saba da haka ba a ruɗinsa da jita-jita.

Amma fa 'yan kallo su san iyakarsu. Suka da hujja hakkinsu ne, zagin 'yan wasa kuwa rashin tarbiyya ne. Wanda ya ga zai iya gyara labari, ga alƙalami ga takarda.