Ɗaliban kwamfuta na buƙatar sanin harshen furosesa fiye da ɗaya

Kwamfutar da ɗalibi ke karatu da ita a Zariya ko Abuja galibi tana ɗauke da furosesa ta Intel ko AMD, masu jin harshen x86. Wayar da ke aljihunsa kuwa harshen ARM take ji, kuma umarnin da ɗaya ta gane, ɗayar ba ta san da zamansa ba. Don haka mai son ɗora Linux a kan irin wannan ƙaramar na'ura yakan sa manhajar fassara kamar GCC ta yi aiki a kwamfutarsa, amma ta fitar da umarni cikin harshen waccan na'urar.

Fassarar ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana zuwa ne idan aka kunna na'ura ta yi tsit, babu rubutu a allo, babu saƙon kuskure, domin manhajar da za ta ba da labarin matsalar ita ce ta faɗi. A nan ake komawa ga QEMU, wadda Fabrice Bellard ya ƙirƙiro, mai kwaikwayon wata furosesa a cikin kwamfuta. Sai a tsayar da ita, a haɗa ta da GDB, a riƙa bin umarni ɗaya bayan ɗaya har a kai inda abin ya lalace. Wani kuskuren ma a ɓoye yake a kan x86, sai a ARM ko RISC-V ya bayyana, saboda su sun fi sassauci wajen sauya jerin abin da ake rubutawa a ma'ajiya. Wanda ya taɓa kwana yana farautar irin wannan kuskure ya san na'ura sanin da allon aji ba ya bayarwa.

Jami'ar MIT ta Amurka ta mayar da xv6, ƙaramar manhajar da take koyarwa da ita, daga x86 zuwa RISC-V a 2019, kuma ɗalibanta a kan QEMU suke aikin. A 2025 Debian ta sanya RISC-V cikin na'urorin da take tallafa wa a hukumance.

Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya buɗe ƙofar koyon gina manhajoji da nazarin bayanai, kuma ya cancanci yabo. Amma ilimin da ke ƙarƙashin waɗannan, haƙƙin jami'o'i ne. Ba su da uzurin rashin kuɗi a nan: GCC da QEMU da GDB da xv6 duk kyauta ne, tsohuwar laftof ma ta wadatar. Abin da ya rage shi ne malamin da ya yi aikin da hannunsa, da zangon karatu guda da za a ware masa.