WA YA BIYA KUƊIN LABULEN?

Ya ku 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa masu kasa kaya a rana, ina neman aron kunnenku, domin yau da zancen ɗaki na zo. Kada wani ya ce ai wannan zancen mata ne, ko kuwa zancen masu hali ne da bai shafe shi ba. Ya shafe ka, malam, tun da kai ne mai biya.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla na taso daga Kudan zan ci kasuwar Maƙarfi, sai na tarar da manyan motoci biyu a ƙofar gidan wani babban mutum, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ba kuwa don tsoro ba, sai don ba shi kaɗai ba ne. Leburori na ta sauke kaya a cikin kwalaye, ga wata yarinya da tabarau, riƙe da igiyar awo da wani littafi cike da ƙyallaye, tana nuni da yatsa ana gudu. Na tambayi mai gadi, ya ce daga Abuja aka ɗauko ta, wai ita ce dizaina, watau gwanar tsara ɗaki. Ya ce kujerun daga Turkiyya suke, tayil daga Sifen, labule daga Dubai, fitilar nan mai reto kuwa daga ƙasar Sin. An farfashe silin an sake wani, an kankare fentin da bai daɗe ba, wai launinsa ya tsufa. Tsofaffin kujeru ga su can jibge a tsakar gida, ko dauɗa ba su yi ba, kuma ina za su yi, gidan da ba a buɗe shi sai da Salla ko in zaɓe ya matso?

Na san abin da 'yan korensa za su ce. Za su ce hassada ce, mutum da kuɗinsa. To, mu rabe zance. Wanda ya sari barkono da masara ya ajiye, ya kai Kudu ya ci riba, in ya ga dama ya shimfiɗa zinariya a ɗakinsa, wannan tsakaninsa da zakka da Ubangijinsa, ba ruwanmu. Amma mutumin da muka san ubansa, muka san gonarsu, ba mu taɓa ganinsa da rumfa a kasuwa ba, bai da wata sana'a sai riƙon muƙami, shi kam muna da ikon tambaya, domin asusun da yake tsaro namu ne.

Kada kuma ku zaci wannan ciwo na ƙauyenmu ne kaɗai. Daga sama ya gangaro. A 1999, da soja suka sauka aka rantsar da majalisar tarayya, abin da wakilanmu suka fara jawo wa kansu surutu da shi shi ne kuɗin kayan ɗaki: sanata naira miliyan 3.5, ɗan majalisar wakilai miliyan 2.5. Ƙungiyar ƙwadago ta yi bore, jaridu suka yi ca, aka yi kwana biyu aka manta. Daga bisani ma sai abin ya zauna daram cikin tsarin albashinsu, watau kowane zango a ba mutum ninki uku na gundarin albashinsa na shekara, don kujera da labule kurum. Ku gaya mini, jama'a, wace irin kujera ce ke mutuwa duk shekara huɗu? Turmin da kakata ta bari har yau ana daka a cikinsa.

A 2007 aka zargi shugabar majalisar wakilai, Patricia Etteh, da ba da kwangilar naira miliyan 628 don gyaran gidanta na hukuma da na mataimakinta da sayen motoci. Majalisa ta rabu biyu, aka yi ta ba hammata iska a zauren da aka gina don yin doka, har cikin hayaniyar nan ran 17 ga Oktoba Dokta Aminu Safana, wakili daga Jihar Katsina, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Ran 30 ga watan ta sauka daga kujerar. A 2011 majalisar ta ce ta wanke ta, wannan kuwa tsakaninsu. Abin da ya dame mu shi ne majalisar ƙasa sukutum ta yi makonni ba ta da zance sai na gyaran falo.

An daddara? Ina! A 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Ikara zuwa Zariya ya fi ƙarfin mai kwandon tumatir, aka ce da mu mu ɗaure ciki, a cikin ƙarin kasafin kuɗin shekarar nan aka rubuta naira biliyan 4 don gyaran gidan shugaban ƙasa a Abuja, wata biliyan 4 don na barikin Dodan a Ikko, biliyan 2.5 don gidan Aguda, biliyan 3 don masaukin mataimakinsa a Ikko. Ba a gama wannan ba, a watan Yunin 2024 aka buɗe sabon gidan mataimakin shugaban ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2010 kan biliyan 7, aka ƙare shi kan biliyan 21. Wata guda bayan haka aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000. Ku 'yan kasuwa kun fi ni lissafi, ku buga ku gani: kuɗin gidan nan guda ɗaya albashin shekara ne cur na ƙananan ma'aikata 25,000. In shugaba a Abuja ya yi haka, me zai hana gwamna, in gwamna ya yi, me zai hana kwamishina da ciyaman, har abin ya iso ƙofar gidan da na tsaya?

Sai su ce wai martabar ƙasa ce, baƙi na zuwa, bai kamata a kunyata ba. Madalla. To, martabar wace ƙasa baƙon zai gani, ya zauna kan kujerar Turkiyya, ya taka tayil ɗin Sifen, ya ɗaga kai ya ga fitilar Sin? In Baturke ne ai sai ya yi murna, ya ce kasuwa ta yi kyau.

Mu Zage-zagi ba baƙin ƙawa ba ne, balle a ce sai an ɗauko mana ita a jirgi. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya da ƙasa da azara, ya ɗaure bakuna waɗanda har yau masana gini daga ƙasashen Turai ke rubutu a kansu, kuma har yanzu akwai unguwa a birni mai sunansa. Attajirin dā in zai ƙawata gidansa, magini zai kira daga cikin gari. A buga tubali, a sari azara daga giginya, a jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango, a fitar da zankwaye, a zana dagi a ƙofar zaure, a kafa tasoshi a tsakiyar rufi suna ƙyalli. Mata su taru da maɗaɓai su yi daɓe da waƙa, masaƙi ya kawo gwado, baduku ya kawo matashi da buzu, mai tabarma ya kawo tasa. Ba na ce mutanen dā waliyyai ba ne, wane mutum! An yi gine-gine da yawa da aikin tilas da gumin bayi, kuma ba ma neman a komo da wannan. Amma attajirin da ya biya lada, kuɗinsa a cikin gari suka kwana, magini ya sayi dawa, mai dawa ya sayi mazarƙwaila, mai rake ya ɗinka wa 'ya'yansa riga. Na yanzu kuwa daga asusun hukuma sai canjin dala, daga nan sai tashar jirgin ruwa. Abin da ya rage wa garin shi ne ladan sauke kwali.

Ku dubi labulen nan kaɗai. Ƙasar nan tamu ƙasar auduga ce. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, wasu suka biyo baya, har Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, cikinsu da 'ya'yanmu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya jera kaya iri 41 ya ce ba zai ƙara sayar da dala don shigo da su ba, ciki har da kujeru da gadaje da tayil da yadi, a watan Oktoban 2023 kuma ya janye hanin. Amma ko a tsakanin nan wa ya ga falon babban mutum ya koma hannun kafintan Fanteka? Masana'antar tumatir ta Ikara, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 1981, ta yi fiye da shekara 20 a rufe kafin a sake buɗe ta a 2014, duk tsawon lokacin nan manomi na kallon tumatirinsa yana ruɓewa a bakin hanya. Kuɗin tayar da inji sai an yi ta taro ana kafa kwamiti, kuɗin sake fenti kuwa ba ya kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita yarinyar mai igiyar awo ban ga laifinta ba. Sana'a ta koya, abin da aka ce ta kawo shi ta kawo, kuma na ga ta san aikinta, don ko ƙusa ba ta bari an buga a karkace ba. Da mai gidan ya ce mata yana son kujerar kafintan Zariya da matashin dukawa da zanen magina a bango, da ta tsara masa, watakila ma ya fi kyau. Shi ne bai so, domin abin da yake saye shi ne a ce daga waje aka kawo.

Yanzu bari in juyo kanmu, don gaskiya ba ta da ƙanin uwa. Wannan cuta ta tsallako katanga ta shigo ɗakin 'ya'yanmu. Dā in za a kai amarya, gwaggo da inna da yayye su ne 'yan jere, su jera ƙore da faya-fayi da tasoshi, daga baya aka zo zamanin langa da samira da gado mai rumfa, kowa daidai ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki. Yau yarinya ta ga hoton falon Hajiya a waya, uwa ta ce 'yarta ba za ta shiga dangin miji da kunya ba, sai saitin gado da kujeru 'yan waje da labule bango guda, har ma a ɗauko mai jere na haya. Uban da ya shekara cikin fadama yana fama da rake, sai ya sayar da shi tun yana tsaye a araha, ko ya jinginar da gonar, ko ya ci bashin da zai kai shi wata kaka. Na san wanda ya sayar da shanun huɗarsa saboda kujerun da ba su shiga ƙofar ɗakin ba sai da aka fasa bango. Yarinya nawa ke zaune a gida, ga manemi, ba abin da ya tsare auren sai kayan ɗaki? Shi babban mutum da kuɗinmu ya yi nasa, mu kuwa muna kwaikwayonsa da jininmu.

Saboda haka ga shawarata. Ku shugabannin kasuwa da na unguwa, ku zauna da iyaye mata ku yanka wa kayan ɗaki iyaka, kuma abin da za a saya a saya wurin kafinta da tela na gari. Sa'an nan zaɓe na tafe, za a buɗe gidan nan, za a aiko a kira ku, a ce ku tuɓe takalma a waje kada ku ɓata kafet. Ku je. In an zaunar da ku, an kawo lemo, kafin a fara rabon atamfa da taliya, dattijon cikinku ya yi gyaran murya ya tambayi mai gida nawa ne albashinsa, nawa aka sayi kujerar da yake kai, kuma a wane gari aka yi ta.