A Nemi Lauya Tun Ciniki Bai Ɓaci Ba

Mu da mu ke zaune a Gawuna, in mun fito da safe za mu wajen aiki, mukan ratsa ta cikin Nassarawa, mu ga alluna ɗauke da sunayen lauyoyi a ƙofar ofisoshi. Mukan ga kuma attajirai suna shiga, kowa rungume da takardu, fuska a murtuke. Galibinsu ba su zo ba sai da ciniki ya riga ya ɓaci. A kan wannan ɗabi'a mu ke so mu yi magana yau da malaman makaranta da malaman ofis, don su ne mutane kan tuntuɓa in takarda ta rikice musu.

Ba abin mamaki ba ne mutanenmu su yi ɗari-ɗari da lauya. A zamanin En'e doka ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali, mai ƙara da wanda a ke ƙara kowa da bakinsa ya ke magana. Har ba'a a kan yi, wai lauya mai lauya zance ne. Arewa duk faɗinta ba ta sami lauya ɗan ƙasa ba sai a 1955, sa'ad da Alhaji Abdulganiyu Abdurrazaƙ na Ilori ya gama karatu a Ingila. Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya kuwa a 1963 ta fara aiki a Ikko, daga baya ta yi reshe a Bagauda, nan ƙasar Kano.

A 1975 aka fara ba da muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, watau SAN, aka soma da Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas. Alhaji Abdullahi Ibrahim ne ɗan Arewa na farko da ya same shi, a 1982. Ba a ba mutum sai ya yi aƙalla shekara 10 yana aikin lauya. Wanda ya samu yakan sa rigar siliki, ya zauna a sahun gaba a kotu, a kira shari'arsa kafin ta sauran. Mu ma a Kano muna da irinsu. Abubakar Balarabe Mahmoud, alal misali, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, ya riƙe Kwamishinan Shari'a na Jihar Kano, ya kafa ofishinsa a garin nan, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya daga 2016 zuwa 2018.

To, mene ne ainihin aikin babban lauya na harkar ciniki? Mutane suna tsammani ɗaga murya gaban joji ne. Amma mafi yawan aikinsa a bakin tebur ya ke yin sa. Shi ne mai duba takardar rancen banki, ya ga abin da aka jinginar da ranar biya. Shi ne mai tambaya, in mota ta ƙone tsakanin Ikko da Kano, asarar wa? Da naira za a biya ko da dala? In rigima ta taso, ina za a kai ta, Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya? Wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce, gama in aka kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, ko an shekara biyar ana yi, sai a rushe a koma farko.

Muna da wani maƙwabci mai sayar da atamfa. Ya ba abokinsa kuɗi ya sayo masa kaya daga ƙasar Sin, da baki suka ƙulla, ba rubutu. Kafin kaya su iso, darajar naira ta faɗi a 2023. Wa zai cika ragowar? Kowa ya rantse ba haka aka yi da shi ba, watakila ma ba mai ƙarya a cikinsu, don ba su taɓa tattauna wannan ba. Yanzu ga kuɗin lauya, ga jari a kwance, ga zumunci ya lalace.

Ko Gwamnati ba ta tsira ba. A 2010 aka sa hannu a wata yarjejeniyar iskar gas da kamfanin P&ID. Ba a gina komai ba, amma a 2017 masu hukunci a Landan suka ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. Sai a 2023 wata Babbar Kotu ta Ingila ta soke hukuncin, don ta gano cin hanci a cikin al'amarin. Da an duba takardar nan da idon gaskiya ran sa hannu, da ba a sha wannan wahala ba.

Wani zai ce, ai mu da amana mu ke ciniki tun kaka da kakanni, daga Kurmi har Gwanja. Gaskiya ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke. Ashe rubutu ba zargi ba ne, tsare amana ne. Wani kuma zai ce lauya da tsada. I, amma ba kowace takarda ce sai babba ya duba ba, akwai ƙananan lauyoyi masu himma, ladan duba takarda kuwa bai kai na shari'a ba.

Su ma manyan lauyoyi muna da jan kunne gare su. Kafin a ba mutum muƙamin nan ana ƙirga shari'o'in da ya kai ƙarshe, har zuwa Kotun Ƙoli. Kada wannan ya sa su raina sulhu. Tun 2009 Kano ta buɗe gidan sasanta rigingimu a ƙarƙashin Babbar Kotu, a 2023 kuma aka yi sabuwar dokar sasantawa ta ƙasa. Lauyan da ya shirya 'yan kasuwa biyu cikin wata guda ya fi amfani ga gari bisa wanda ya ci shari'a bayan shekara goma. Muna kuma roƙonsu su riƙa bayyana wa mutum abin da takarda ta ƙunsa da Hausa kafin ya sa hannu.

Saura mu. Malamin makaranta ya koya wa yaro rubuta wasiƙa mai ma'ana ɗaya, da karanta abu kafin sa hannu. Malamin ofis ya adana fayil da rasit, ya sa kwanan wata daidai, gama komai ƙwarewar lauya da takardar da aka ba shi zai yi aiki. In kuwa maƙwabci ya kawo muku takardar ciniki, kada ku tsaya ga karanta masa kaɗai, ku ce ya kai wa masu sani tun bai dangwala ba. Allah ya sa mu gane, amin.