KAFIN YARON SHAGO YA CE MAKA "TA MUTU"



Yau da masu gyaran kwamfuta nake, irin waɗanda ba su san wani magani ba sai fomatin. Da yawanmu a nan Kaduna da kwamfutar gwanjo muke rubutu, tsohuwar HP ko Dell da wani Bature ya gama cin moriyarta. Ranar da ta fara nauyi sai ka ɗauko ta daga Kawo ko Unguwar Dosa, ka nufi shagunan da ke kewayen Kasuwar Sheikh Gumi. Yaron shago ya soka filashi, ya goge komai, ya fara ɗora Windows. Aiki ya yi nisa sai ya cije, ɗigogin nan suna ta zagaye har la'asar. Ya sake, ta sake cijewa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Oga, ai injin nan ya mutu." Littafin da ka yi wata takwas kana bugawa kuwa tun a gogewar farko ya bi ruwa.

Caca ce wannan, da dukiyar wani.

Kwamfuta ba ta cijewa haka kawai. Wani lokaci filashin ne ya gaji da yawo daga inji zuwa inji. Wani lokaci faifan ajiyar ne, tsohon nan mai juyawa, ya sami gurbin da ba ya karɓar rubutu, to duk sanda aiki ya iso wurin dole ya tsaya, ko sau goma za a maimaita. RAM ma yana lalacewa, kuma gwada shi ba wuya: a cire guda a bar guda, ko a bi shi da MemTest86. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ɗora manhaja aiki ne mai ɗumama inji, idan iska ba ta fita zai ƙame ko ya kashe kansa. Mai gyaran da bai buɗe bayan injin ya hure ƙura ba, da wane ido ya ga mutuwar?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗora Windows 11 a kan kowane tarkace. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 abin ya zama yayi. Ita Windows 11 tana neman TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, kuma a injinan Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Ana iya yi mata dabara a tsallake sharuɗɗan, amma zubin 24H2 ko tashi ba ya yi a kan Core 2 Duo. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki, da ya durƙusa aka ce ba shi da lafiya.

Alhali me marubuci yake nema? Allon rubutu da haruffanmu masu lanƙwasa. Linux Mint mai Xfce kyauta ce, tana tafiya da RAM 2GB, tana zuwa da LibreOffice a ciki, kuma akwai tsarin madannan Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ. Babban alherinta shi ne tana tashi daga filashi ba tare da ta taɓa faifanka ba. Wato ko Windows ta ƙi tashi, za ka iya shiga ka kwashe babi-babinka kafin a goge ko harafi ɗaya.

Na san wata za ta ce, "Ni marubuciya ce, ina ruwana da RAM?" Ruwanki ne, Hajiya, tunda kwafin littafin guda ɗaya ne tak, kuma yana cikin injin. Mu ma da namu sakacin: littafi sukutum a Word bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, amma tura shi imel ko Google Drive ya gagare mu.

Idan ta kama sai an je shago, kada ka ajiye ka tafi. Ka ce a fara kwashe maka fayilolinka a gabanka, ko da sai an ciro faifan an jona shi da wani injin. Ka buɗe babi biyu ko uku ka tabbatar suna karantuwa. Idan ya ce ba shi da lokacin wannan, naɗe cajarka ka shiga shago na gaba.