In Jirgin Feshi Ya Faɗi, a Tambayi Mai Gona

Jirgin feshin magani ƙasa-ƙasa yake tafiya, har ya kusa shafar kan dawa, ga guba cike da cikinsa. In kuwa janbaki aka fita kashewa, kamar yadda akan yi a Kabi da Yobe da Barno, sai magariba ta gabato yake tashi, sa'ad da tsuntsaye suka koma makwancinsu, ido kuma ya soma gazawa. Saboda haka kullum ajali na kusa da matuƙinsa.

To, in ya faɗi, abu mafi sauƙi shi ne a ce matuƙi ya yi kuskure, a kwashe tarkace, a rufe magana. Wannan kuwa zalunci ne ga mamaci, ganganci ne ga wanda zai tuƙa gobe. Ƙa'idar da ƙasashe suka ɗora bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta nuna manufar bincike ita ce hana aukuwar wani haɗarin. A Nijeriya hukumar NSIB ke ɗauke da wannan nauyi, bisa dokar 2022.

Sabubban kuwa suna da yawa. A Amurka, inda aka fara feshi ta sama a 1921, hukumar bincike ta duba haɗari 78 na irin waɗannan jirage da suka auku a 2013. Ta tarar da gajiyar matuƙa, da sakaci wajen gyaran inji, da karo da wayoyin lantarki da dogayen turaku. Ga kuma gubar kanta. Irin wadda ake fesa wa janbaki, in ta shiga jiki takan kawo jiri, ta dushe gani, don haka wajibi ne a gwada jinin matuƙi.

Amma fa galibin ƙananan jiragen nan ba su da akwatin naɗar bayani, watau shaidar wanda ya gani ita ce madogara. Misali, ran 8 ga Disamba 1988 jirage biyu na yaƙi da fara suka taso daga Dakar za su Maroko, ɗaya ya faɗi a Yammacin Sahara, mutum 5 suka halaka. Na biyun, wanda shi ma aka harba, ya sauka da kyar, mutanensa suka ba da labari cewa makami ne ya same su.

A ƙasar Hausa mai ba da irin wannan shaida shi ne manomi. A dubi Rido, kudu da kogin Kaduna, inda gonaki ke maƙwabtaka da gidaje da wayoyin lantarki da matatar mai da aka buɗe a 1980. Da jirgi zai faɗi a irin wannan wuri, mai gona ne zai faɗi ko inji ya yi tari, da inda iska ke kaɗawa, da wayar da fiffike ya taɓa. Shi ne kuma za a bari da guba a ƙasarsa da rijiyarsa da dabbobinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ya kamata masu bincike su fara da ƙofar mai gari, su ji bakin manoma kafin labari ya gurɓata, su auna ƙasa da ruwa. In rahoto ya fito, a karanta shi da Hausa a rediyo da gaban hakimi, domin wanda gubar ta zuba a gonarsa ya fi kowa haƙƙin sanin dalili. Wassalam.