"Ba Na Cikin Hayyacina": Wane Ne Ya Cancanci Wannan Uzuri?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

A watan Mayun 1987, wani matashi ɗan ƙasar Kanada mai suna Kenneth Parks ya tashi cikin dare, ya tuƙa motarsa tafiyar kilomita 23 zuwa gidan surukansa. Ya kashe surukarsa, ya raunata surukinsa, sannan ya kai kansa wurin 'yan sanda hannuwansa a yayyanke. Likitoci suka ba da shaida cewa cikin magagin barci ya aikata duk wannan. Aka sallame shi, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 1992. Masana shari'ar Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan hali, wanda suka aro daga sunan na'ura mai sarrafa kanta: gaɓoɓi suna aiki, mai su ba ya nan. Ko a kundin laifuffuka na kudancin Najeriya, sashe na 24 ya ɗauke alhakin laifi daga wanda aiki ya auku daga gare shi ba da nufinsa ba.

Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Abu Dawud da wasunsa sun ruwaito cewa an ɗage alƙalami ga barin mutum uku, wato mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mai taɓin hankali har ya warke. Da wannan hadisi Sayyidina Ali (RA) ya tunatar da Sayyidina Umar (RA) lokacin da aka kawo wata mace mai taɓin hankali za a tsayar mata da haddi, aka kuwa sake ta. Hankali shi ne gindin ɗora wa bawa hukunci. Inda ya gushe, zunubi ba shi da mazauni.

Sai dai malamanmu ba su tsaya nan ba. Sun raba tsakanin zunubi da lamuni. Mai barcin da ya miƙe ƙafa ya fasa tukunyar maƙwabcinsa bai saɓa wa Allah ba, amma zai biya tukunya, domin mai ita bai yi laifin da za a bar shi da asara ba. Haka ma rai. Uwar da ta danne jaririnta cikin barci ya mutu, an riskar da ita ga mai kisan kuskure: babu ƙisasi, akwai diyya a kan danginta na wajen uba, akwai kuma kaffarar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ambata, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Da a gaban alƙalin Musulunci aka kawo irin shari'ar Parks, kuma shaidar likitoci ta tabbata, da ba a kashe shi ba, da kuma magadan mamaciyar ba su fita hannu rabbana ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka juya wannan uzuri a tsakaninmu. Wanda ya cancance shi mun hana shi, wanda bai cancanta ba shi ya fi kowa ɗaga murya da shi.

Ku dubi mai farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan lalura da kimanin miliyan 50, kuma ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum ba. Akwai wadda za ka ga yaro ya ƙura ido, yana tauna baki, yana jan rigarsa, ko ya tashi ya kama tafiya, bayan 'yan mintuna ya dawo bai san abin da ya faru ba. Irin wannan yaro ne ake zane wa a makaranta a ce rashin kunya ce. Irin wannan yarinya ce ake kullewa a ɗaki ana dukanta da sunan fitar da aljani, alhali jikinta ne ke shan bulalar. In ta faɗi kusa da murhu sai a watse saboda tsoron yawunta, ga shi kuwa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Ibnul Ƙayyim da kansa, a cikin Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya gida biyu, ya bar ɗaya a hannun likitoci. Ruƙiya ta shari'a karatun Alƙur'ani ce da addu'a, ba ta hana zuwa asibiti.

Buhari da Muslim sun kawo labarin baƙar matar nan da ta kai kuka wurin Annabi (SAW) cewa tana faɗuwa, tsiraicinta yana buɗewa. Bai tuhume ta da komai a kan abin da ke buɗewa ba. Ya yi mata bushara da Aljanna idan ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata sutura. Bayan shekaru, Ibn Abbas (RA) yana nuna wa ɗalibinsa Aɗa'u ita a matsayin 'yar Aljanna mai tafiya a ƙasa. A mazhabar Malikiyya ma, wanda ya suma har lokacin salla ya fita gaba ɗaya babu ramuwar wannan sallar a kansa.

To, ga ɗaya ɓangaren. Mutum ya saki matarsa saki uku, gari ya waye ya nufi malami yana cewa ba ya cikin hayyacinsa. Fushin da ke rufe hankali yana aukuwa, kuma Ibnul Ƙayyim ya keɓe wa mas'alar littafi, ya kasa fushi mataki uku: farkonsa, inda mutum ya san abin da yake faɗa, saki ya auku, ƙarshensa, inda bai san sama da ƙasa ba, bai auku ba, da na tsakiya, inda malamai suka yi saɓani. Amma wanda ya nemi takarda da biro, ya rubuta sunan matar daidai, ya ƙirga ukun, ya sa hannu, ko ya buɗe WhatsApp ya lalubo lambar surukinsa, wane hayyaci ne ya ɓace masa? Yana iya ruɗar mai fatawa da zance, sai dai zai koma gida ya zauna da matar da shi kansa ya san matsayinta.

Haka wanda ya haɗiyi ƙwaya ko ya sha kodin, ya zaro wuƙa a unguwa. Hankalinsa ya gushe, gaskiya ne, amma wa ya kore shi? Masana usulu sun bambance abin da ya sauko wa bawa daga sama, kamar hauka da barci da suma, da abin da ya janyo da hannunsa. Shi ya sa mashahurin zance a Malikiyya shi ne ana kama mashayi da sakinsa da kuma jinin da ya zubar.

Wannan bambanci ya shafi mutanen kirki ma, waɗanda ba su taɓa kusantar maye ba. A hanyar dawowa daga Haibara, Annabi (SAW) ya yada zango cikin dare, ya ɗora wa Bilal (RA) tsaron alfijir. Bilal ya yi nafila iya ƙarfinsa, ya jingina da abin hawansa, barci ya sace shi, zafin rana ne ya tashe su. Ba a zargi kowa ba, amma a lura cewa an sa mai gadi kafin a kwanta. Direban da ya kwana biyu a hanya, ya ji idonsa yana lumshewa ya ƙi tsayawa don kada lodi ya wuce shi, ba za a tambaye shi daƙiƙar da barci ya ɗauke shi ba. Za a tambaye shi rabin sa'ar da ta gabace ta, da fasinjojin da ke bayansa. Wanda likita ya hana tuƙi saboda farfaɗiya ya ɓoye ya karɓi babur ɗin haya, shi ma haka. Gidan da aka san akwai mai tafiya cikin barci kuwa, a rufe rijiya, a kulle ƙofa, a ɗauke wuƙa da makullin mota daga inda hannunsa zai kai. Uwa mai nauyin barci ta ware wa jaririnta shimfiɗarsa kusa da ita.

Wallahu a'alamu.