Daga Zagin Bakin Hanya Zuwa Zubar da Jini: Darasin Kisan Marwa El-Sherbini

Ranar 1 ga watan Yulin kowace shekara, Musulmin Jamus kan taru domin tunawa da Marwa El-Sherbini, 'yar ƙasar Masar da aka kashe a birnin Dresden a 2009. Labarinta bai tsufa ba saboda yadda ya faro, wato da baƙar magana daga bakin mutumin da bai taɓa saninta ba.

A watan Agustan 2008, Marwa, masaniyar harhaɗa magunguna, ta kai ɗanta filin wasan yara. Ta roƙi wani mutum da ke zaune a kan lilo da ya ba yaron wuri. Ganin hijabinta ke da wuya sai ya hau ta da zagi, yana kiranta 'yar ta'adda. Magana ta kai kotu, aka ci shi tarar Yuro 780, daga baya aka ɗaukaka ƙara. Ranar 1 ga Yulin 2009, bayan ta gama ba da shaida, ya zaro wuƙa a cikin zauren kotu ya yi ta caka mata har rai ya yi halinsa, tana da juna biyu, a gaban ɗanta mai shekara 3. Mijinta ya yi yunƙurin kare ta, shi ma ya sha suka, sannan ɗan sandan da ya shigo ya harbe shi a ƙafa bisa zaton shi ne maharin. A watan Nuwamban shekarar aka yanke wa makashin ɗaurin rai da rai.

Babban sakacin hukuma shi ne ɗaukar lamarin a matsayin cacar baki kawai. Mutumin ya riga ya bayyana ƙiyayyarsa ga Musulmi ƙarara a zaman farko, amma ba a bincike shi a ƙofar kotu ba. Alhali wanda ya zagi baƙuwa saboda mayafinta ko asalinta ya riga ya cire ta daga sahun mutane a zuciyarsa, kuma daga nan zuwa ɗaga hannu tafiyar ba ta da nisa. Harin masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, ranar 15 ga Maris 2019, inda mutum 51 suka rasu, ya ƙara fito da wannan haɗari fili. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana domin yaƙi da ƙyamar Musulunci.

Wani zai ce da ta yi shiru da ta tsira. Amma laifin kisa na wuyan makashi, kuma haƙuri a Musulunci bai hana neman hakki. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin da aka yi masa. Marwa ba ta rama zagi da zagi ba, ta bi hanyar doka. Ɗalibanmu da ke karatu a Turai da Amurka, musamman mata masu hijabi, su riƙe wannan tsari: kada a biye wa mai neman fitina, a matsa inda jama'a suke, a nemi shaidu, a kai ƙara, a kuma sanar da hukuma duk wata barazana da ta biyo baya. Wanda ya ga ana cin mutuncin wani kuma, wajibinsa ne ya taimaka gwargwadon ikonsa.

Darasin bai tsaya kan Turawa ba. Lokacin da Abu Zarrin (RA) ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsawatar masa, ya nuna masa cewa wannan ɗabi'ar jahiliyya ce. Duk gidan da yara ke jin iyaye suna kiran wata ƙabila da sunan raini, irin wannan ƙiyayya ake shukawa a cikinsa.

Allah Ya jiƙan Marwa, Ya tsare harsunanmu daga cin zarafin bayinSa.